Kura Sushi: tambari, katako da faranti biyar

Kura Sushi gidan abinci ne na Japan da ya fara a Sakai, kusa da Osaka, a 1977. Sushi yake sayarwa, wato dunƙulen shinkafa mai ɗan tsami da yankan kifi a kai, a kan bel da ke zagaya tebura. Da kamfanin ya so ya sabunta kamanninsa sai ya ɗauko Kashiwa Sato, wanda ya zana tambarin kamfanin tufafi na Uniqlo, aka buɗe babban reshe a unguwar Asakusa ta Tokyo a Janairun 2020.

Tambarin ya yi. An rubuta shi da salon rubutun zamanin Edo, wani tsohon zamani a tarihin Japan, mai kaurin layi da cika fili, irin wanda ake gani a jikin fitilun takarda na bukukuwa. Amfanin kaurin shi ne ana karanta shi daga tsallaken titi, kuma ba ya ɓacewa idan aka ƙanƙanta shi. Nan ne masu zana wa gidajen abincin Japan suka fi faɗuwa: su yi rubutun burushi mai siraran jeloli, ya yi kyau a kwamfuta, a buga shi a takardar sandunan cin abinci ya koma dabbare. Kafin a amince da tambari, a buga shi baƙi zalla a faɗin santimita biyu. In bai karantu ba, a sake.

Cikin ɗakin farin katako ne, ginshiƙai da tebura, da rufi irin na rumfar biki. An ɓoye sandunan cin abinci da kayan ɗanɗano a cikin teburin, ido ba ya ganin tarkace. Sai dai farin katako ba ya shiri da baƙin ruwan waken soya da ake dangwala sushi a ciki. Wanda zai kwaikwaya ya sa kuɗin shafe da goge-goge a lissafinsa tun farko, in ba haka ba tabo zai cinye kwalliyar.

Amma abin da ke sa mutum ya gane yana Kura ya girmi aikin Sato. Kowane faranti na tafe ƙarƙashin murfin roba mai gani-har-hanji, wanda aka fito da shi a 2011. Ka ɗan ɗaga bakin farantin, murfin ya buɗe da kansa. Ka gama ci, ka zura farantin a wata kafa da ke gefen tebur, ruwa ya tafi da shi wajen wanki, na'ura ta ƙirga. Duk faranti biyar, allo ya kunna wasan sa'a, wanda ya dace ya samu ɗan abin wasa a ƙwanso. Yara kan matsa a ƙara faranti ɗaya don a cika biyar, kuma kamfanin ya san da haka sarai. Abokin gasa zai iya kwafar launi cikin mako guda, wannan kuwa sai ya fasa bene ya shimfiɗa magudanar ruwa.

Inda aikin ya yi rauni, fuska biyu ce ba ta gama haɗuwa ba. Katako na neman natsuwa, allo kuma na ta kiɗa da 'yan katun, ga hotunan talla masu launi barkatai da kan danne tambarin a ƙananan rassa. Wanda ya ga Asakusa sannan ya shiga reshen bakin hanya zai ga tazarar.