Google Keep a hannun marubuci: ta iya cafke tunani, ba ta iya riƙe littafi

Tunanin labari ba ya sallama. Yakan faɗo wa mutum a cikin adaidaita sahu ko bayan sallar asuba, in ba a cafke shi nan take ba ya gudu. A nan Google Keep, manhajar ajiye gajerun rubuce-rubuce da ta fito a 2013, ta ciri tuta. Kyauta ce, tana buɗewa da sauri ko a ƙaramar waya, kuma ana rubutu babu data. Da an hau intanet sai ta adana komai a asusun Google. Ana iya ba kowane labari lakabinsa da launinsa, a maƙale sunayen taurari da shekarunsu a sama, don kada Hajiya ta zama Inna a babi na 9.

Matsala tana farawa ne idan tunani ya fara zama babi. Shafi ɗaya ba ya wuce haruffa kusan 20,000, wato kalmomin Hausa wajen 4,000. Mai dogon babi zai ga rubutu ya tsaya cak, dole ya raba shi biyu. Ba ta ƙirga kalmomi. Mafi ciwo, maɓallin dawo da abin da aka goge yana aiki ne muddin shafin na buɗe. Da an fita, wannan maɓallin ba ya dawo da sakin layin da yatsa ya share, sai dai a nemo shi a tarihin sauye-sauyen shafin a Keep na yanar gizo. Shafin da aka jefa kwandon shara kuwa kwana 7 yake yi ya ɓace.

Gyara, wanda shi ne rabin aikin rubutu, yana da wuya a cikinta, domin ba a iya ajiye tsohon zubi da sabo gefe da gefe. Dabara ita ce a kwafi shafin kafin a taɓa shi, a sa wa kwafin kwanan wata.

Sai batun haruffa masu ƙugiya. A saka Hausa cikin harsunan Gboard, allon rubutun waya na Google, sannan a kashe gyaran kalma na kai tsaye, in ba haka ba allon Turanci zai yi ta sauya kalmomi yadda ya ga dama, ɓarna ta koma barna.

Da zarar babi ya kai kalmomi 1,000, a danna ɗigo ukun da ke jikin shafin a kwafe shi zuwa Google Docs, manhajar Google ta dogon rubutu, a ci gaba da sassaƙa a can.