Rumbun gas na gida: na gini, na tanki ko na tamfol?

Duk lokacin da kuɗin cika tukunyar gas ya yi tashin gwauron zabi, sai ka ji maganar bayogas ta dawo majalisa. Wani ya ga bidiyo a Facebook, an zuba ragowar shinkafa a tanki an kunna murhu, wuta shuɗiya ta tashi. Bidiyon ba ƙarya ba ne. Abin da ba ya nunawa shi ne bokiti nawa aka yi ta ɗaukowa kullum kafin wutar ta kama.

Rumbun gas tumbin saniya ne da aka yi da siminti ko roba. Ana zuba masa kashin dabbobi ko ragowar abinci da ruwa, a rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba, ƙananan ƙwayoyin halitta su ruɓar da abin. Iskar da ke fita ita ake kira bayogas, rabi zuwa kashi biyu cikin ukunta metan ce, wato iskar da ke cin wuta. Tunda tumbi ne, ci yake so kullum, a kan ƙa'ida, kuma ba ya son sanyi. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka me za ka riƙa ba shi.

Ga lissafin da na fi so mai saye ya riƙe. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas kimanin lita 35 zuwa 40. Kan murhu ɗaya yana shan lita 200 zuwa 400 a awa. Gida mai mutum biyar ko shida da ke girki sau biyu zuwa uku yana neman lita 1,500 zuwa 2,000 a yini, wato kashi kilo 50 ke nan, da ruwa jarka biyu masu cin lita 25, domin daidai wa daida ake dama su. Kilo 50 kuwa aikin shanu huɗu ne ko biyar da ke ɗaure a turke. In shanun fita kiwo suke yi, rabin kashin a daji yake zubewa, kuma kandilo da rana ta riga ta busar ba ya ba da abin kirki. Lita 1,000 na bayogas ba ta kai rabin kilo na gas ɗin tukunya ba, don haka rumbun da ke ba ka lita 1,000 kullum ya tare maka tukunya mai kilo 12.5 guda ɗaya a wata. Da wannan za ka auna duk farashin da aka yanka maka: wata nawa kafin kuɗina su dawo?

Mai ragowar abinci kuma ya yi wa kansa adalci. Gaskiya ne kilo ɗaya na ragowar tuwo ko shinkafa ya ninka kilo ɗaya na kashi wajen ba da gas, domin saniya ta riga ta tsotse rabonta daga ciyawar. Amma a gidan Bahaushe ina ragowar take? Tuwon dare ɗumamen safe ne. Ƙanzo yana da masu shi, dusa ta awaki ce, ɓawon doya da na dankali tumaki na jira, abin da ya saura a kwano almajiri na bakin ƙofa. Masu shara ta gaske su ne mai gidan abinci, makarantar kwana, mahauta da ke zubar da abin cikin tumbi kowace safiya, da wanda ke kusa da kasuwar gwari irin 'Yankaba ko ta 'Yan Lemo a Kano, inda ruɓaɓɓen tumatir da lemo da kankana ke tsibi.

A cikin nau'o'in rumbun, na gini shi ne dattijo. Rami ake haƙawa a gina shi da bulo da siminti, a yi masa rufi mai kamar kifaffiyar ƙwarya, gas ya taru a ƙarƙashin rufin. Daga Sin salon ya yaɗu, Indiya kuma ta fito da nata mai rahusa, Deenbandhu, a 1984. Irinsa aka gina dubbai a Burkina Faso, Habasha, Kenya, Tanzaniya da Yuganda a ƙarƙashin shirin bayogas na Afirka da aka fara a 2009 da tallafin ƙasar Holan. Ba shi da ƙarfen da zai yi tsatsa, akuya ba ta iya yi masa komai, yana kai shekara ashirin ko fiye. Kuma da yake a binne yake, sanyin hunturu ba ya dukansa kai tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙwayoyin nan sun fi jin daɗi a zafin digiri 35 zuwa 37, in aka sauko ƙasa da 20 sai su yi kasala, gas ya ragu daidai lokacin da kowa ke son ruwan zafi.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba: magini. Ba kowane birkila da ya iya gina sokawe ne ya iya wannan rufin ba. Tsaga kamar silin gashi ta isa gas ya riƙa sulalewa, kai kana ta zuba kashi kana zargin shanu. Gyaranta kuwa sai an kwashe rumbun kaf, an bar iska ta ratsa shi sosai kafin mutum ya shiga, domin iskar ciki tana kisa. In za ka yi na gini, nemi maginin ya kai ka wurin wanda ya gina shekara biyu ko uku da suka wuce, ka ga wuta da idonka, ka keɓe da matar gidan ko mai girkin ka ji ta bakinta. Kada ka cika kuɗin aiki sai an toshe rumbun an hura masa iska an ga ya riƙe ta kwana guda. Ɗan haya kuwa ya manta da wannan, ba a tashi da shi.

Na biyu shi ne mai hula, wanda Indiyawa suka yaɗa tun shekarun 1950. Rumbun a buɗe yake ta sama, an kifa masa ganga tana yawo a kan ruwan. Gas ya taru ta ɗaga, an yi girki ta sauka. Daɗinsa shi ne da ido kake ganin abin da ka tara, kuma nauyin gangar yana sa wutar ta tsaya daidai, ba kamar na gini ba da ƙarfinsa ke raguwa in gas ya kusa ƙarewa. In gangar ta ƙarfe ce, tsatsa za ta ci ta sai dai a riƙa fenti duk shekara, kuma ni ban ga dalilin sayenta yanzu ba.

Ƙaninsa na roba shi ya fi dacewa da gidan birni. Cibiyar ARTI da ke Pune a Indiya ce ta fito da shi: tankin ruwa na lita 1,000 a yanke samansa, a kifa na lita 750 a ciki. Mai aikin famfo da ya san hannunsa zai haɗa maka shi da kayan da ke kasuwa. Kilo ɗaya zuwa biyu na ragowar abinci ake ba shi a yini, a niƙe ko a dame, ya ba ka wutar da ba ta wuce ta awa guda ba. Shayin safe, ɗumame, dafa taliya. Wake ko ganda kuwa, koma wa gawayinka.

Irinsa na fara da shi, kuma ni na kashe shi da hannuna. Bayan wani suna da aka yi a gidanmu, na ga robobin shinkafa da miya sun yi saura, na ce yau rumbu zai yi sallah, na juye masa duka. Kwana uku wuta ta fara tari, ran na biyar ko ashana ba ta kamawa, bakin tankin yana warin tsami kamar kunun da ya kwana biyu. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin da ke tsamar da abinci sun fi masu yin metan sauri, tsamin ya yi yawa ya kwantar da na biyun. Sai da na daina ba shi komai, na kwashe kusan rabi, na nemo ɗanyen kashin shanu na sake ɗura masa, aka yi makonni kafin ya farfaɗo. Na kashin shanu bai cika wannan ciwon ba. Na abinci kuwa kamar jariri yake, kaɗan-kaɗan.

Sai na tamfol. Doguwar jaka ce da ake shimfiɗawa a kwari ko a fili, a zuba ta wannan baki, taki ya fita ta wancan. A yini ɗaya ake kafa ta, in ka tashi ka naɗe abarka. A nan ne farashi ya fi yaudara, domin sunan ɗaya ne amma kayan ba ɗaya ba. Mai siririyar leda shekara biyu ko uku rana ta gama da ita, in ma ɓera ko ƙahon rago bai riga ta ba. Mai kaurin gaske, irin wadda kamfanin Sistema.bio na Meziko ke kafawa manoma a Kenya da Indiya, wata aba ce dabam. Akwai kuma wanda ake sayarwa a haɗe cikin kwali irin HomeBiogas na Isra'ila, da ke zuwa da murhunsa da matacinsa. Kamfanin yana cewa ƙaramin yana ba da girkin da ya kai awa biyu a yini. Riƙe kalmar "ya kai", domin wannan a ranar zafi ne da cikakken ci. Tambayi mai sayarwa kaurin tamfol ɗin, ko yana jure rana, shekara nawa ne garantin a rubuce, da inda za ka sami abin faci da kayan gyara a nan gida. Kuma ka sa kuɗin shinge a lissafi. Da yake a sarari yake, da rana yana shan zafi ya yi aiki, da daren hunturu kuma ya huce. Mutumin Jos ya fi kowa sanin wannan.

In an ce in zaɓa: mai shanun turke huɗu zuwa sama, da fili nasa, da rijiya ko burtsatse kusa, ya yi na gini in ya sami magini, in bai samu ba ya ɗauki tamfol mai kauri. Mai gidan abinci ko gidan yawa a birni ya fara da tankin roba, ya koyi halinsa kafin ya ƙara. Wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ba shi da dabba, ya ci gaba da cika tukunyarsa.

Masu ƙyanƙyami su kwantar da hankali, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba. Takin ma ba asararsa aka yi ba, ruwan da ke fita ta ɗaya bakin taki ne mai kyau, warinsa ya ragu, lambu yana sonsa. Karan dawa, ɓuntun shinkafa da ɗiɗɗigar katako kada su shiga, ba sa ruɓewa da wuri, sai su taso su yi ɓawo a sama su toshe hanya. Ruwan omo da na bilic ma haka, kashe ƙwayoyin suke yi.

Kowanne ka saya, duba ko kuɗin ya haɗa da murhun bayogas, domin na gas ɗin tukunya hancinsa ya yi ƙanƙanta. A sa matarar ruwa a inda bututun ya fi yin ƙasa, saboda gas ɗin da laima yake tafe. A sa mataci mai ɗauke da soson ƙarfe, shi ke kama iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin ƙarfe. Duk wanda ya ce zai ɗura maka bayogas a tukunyar gas ta gida ka yi wata kana girki, rabu da shi. Metan ba ya zama ruwa a irin wannan matsin, abin da tukunyar za ta ɗauka kaɗan ne. Bayan an cika rumbun da ɗanyen kashi, a ba shi mako biyu zuwa huɗu. Iskar farko ba ta kamawa, a sake ta a fili nesa da wuta, sannan a bi kowace mahaɗar bututu da ruwan kumfa a ga inda zai yi ƙwai.