Sharhi: Daren kiɗan gargajiya a wani ɗan shagon kofi na jihar New York

Duk wanda zama ya kawo shi arewa maso gabashin Amurka, kuma yake kewar kiɗan da ake yi da hannu a gaban jama'a, ina ba shi shawara ya nemi ƙananan shagunan kofin nan da ke gayyato mawaƙan gargajiya. Wanda nake zuwa yana wani ƙaramin gari ne a jihar New York, kuma mutanen unguwa ne ke tafiyar da shi ba don a biya su ba. Ɗakin da ƙyar zai ci mutum 60. Dala 20 ake bayarwa a bakin ƙofa, mafi yawanta kuma ta mawaƙin ce. Ba a sayar da giya, sai kofi da shayi da kek ɗin da aka gaso daga gida, shi ya sa hankalina ya kwanta har nake zuwa da iyalina.

Al'adar ta daɗe a wannan yanki. A shagon kofi na Club 47 da aka buɗe a Cambridge ta jihar Massachusetts a 1958 mawaƙiya Joan Baez ta fara yin suna, shagon Caffè Lena na garin Saratoga Springs a jihar New York kuma tun 1960 yake aiki har yau, mawaƙi Bob Dylan ma ya yi waƙa a can a 1961 kafin duniya ta san shi. Namu bai kama ƙafarsu ba a shahara, amma tsarin ɗaya ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake saurare. Mawaƙi na ɗaukar abin kiɗansa sai wuri ya yi tsit, har mai zuba kofi ya dakata sai an kai ƙarshen waƙa. Babu mai tashi ya yi liƙi, babu mai hira a gefe. Kafin kowace waƙa sai ya faɗi wurin wanda ya koye ta da inda ta fito: wata ta masu haƙar kwal ce a duwatsun Appalachia, wata kuma tsohuwa ce da ta tsallako teku daga Ingila. In an zo amshi, ya koya mana layin sau ɗaya, kowa ya ɗauka, tsofaffi da yara.

Ranar da aka kawo wani dattijo mai banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, na samu kujera a sahun gaba, na zuba wa hannunsa ido. Da bayan farce yake bugun tsirkiya zuwa ƙasa, babban yatsa kuma na tsinkar gajerar tsirkiya ta biyar, sautin na fitowa daga fatar da aka ɗaure a jikin abin. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don amon gurmi nake ji a ciki. Ba mamaki kuwa. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa banjo a tsibiran Karibiyan da duma da fata, kuma masana na danganta shi da irinsu akonting na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya. Shi kansa dattijon ya faɗi haka da bakinsa kafin ya fara, na kuwa ji daɗin wannan adalcin.

Akwai abin gyara. Kujerun ƙarfe ne masu naɗewa, kafin a yi awa biyu baya ya fara ƙorafi. Kofin yakan huce tun kafin hutun tsakiya, wanda ya zauna can baya kuma ginshiƙi zai tare masa mawaƙi. Wasu baitocin ma sai mai kunnen Turancin mutanen karkara zai kama su.

Duk da haka kuɗina bai taɓa ciwo ba. A je da wuri don samun gaba, a kuma riƙe 'yan canji, domin lokacin hutu mawaƙin da kansa yake tsayawa bakin tebur yana sayar da faifansa, ku gaisa, ka tambaye shi abin da ya shige maka duhu.