Babbar jaket ko suwaita da rigar iska: wadda za ka hau rufi da ita a hunturun Jos

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaye ni kayan sanyin da ya kamata ka saya don aikin hawa rufi a hunturu. Tsakanin jibgegiyar jaket ɗin nan mai soso da ka gani a gwanjo, da siririyar suwaita wadda za ka ɗora wa rigar iska (rigar nan mara nauyi mai tare iska), ɗauki ta biyun. Da ita nake hawa rufin mutane ina ɗaura dish da eriya, kuma hunturu nawa ya wuce ban canja ba.

Suwaitata ta ulu ce, ruwan toka. A kasuwar Katako na tsince ta cikin dilar da aka kwance da sassafe, gwiwar hannunta ma har da ɗinki. Akwai wata safiya a watan Janairu da ba na mantawa. Wani dattijo a Rayfield ya kira ni da daddare, iska ta juya masa dish, ga shi ba ya iya kwana bai ji labarai ba. Ina idar da sallar asuba na kama hanya. Hazo ya rufe gari, fitilar mota ma da ƙyar kake hango ta. Gidan bene ne, an kafa dish ɗin a gefen da iskar arewa maso gabas take bugowa kai tsaye, babu ko bishiya da za ta tare.

Abu uku na sa a jikina: 'yar ciki mai dogon hannu irin ta 'yan ƙwallo, sai suwaitar, sai rigar iska mai zif a sama. Da na hau, iska na ta dukan rigar tana kaɗawa fal-fal, amma ba ta ratsa ba. Na tsuguna, na miƙa hannu bayan dish na sassauta noti da sifana, ba abin da ya riƙe mini kafaɗa. Ka san saitin DStv, tauraronsa yana digiri 36 gabas, kuma motsin da bai kai faɗin yatsa ba ya isa ya ɓatar maka da siginal. Kana turawa a hankali, numfashi ma kana riƙewa, yaro a ƙasa yana duba siginal yana ɗaga murya, "Oga, ya hau! Ya sauka! Tsaya nan!" Aiki ne da yake son hannu a sake. Na canja waya gaba ɗaya don ta tsattsage, na ɗaure idon dish ɗin, wato abin da ke gabansa yana kama siginal, da kyau. Wajen ƙarfe goma rana ta ɗaga, kwano ya fara ɗumi, sai na zuge zif na cire rigar iskar, na naɗe ta kamar hankici na cusa a jakar kayan aiki. Na sauko jikina a bushe. Dattijon ya sa aka kawo mini shayi mai citta, ya taɓa suwaitar ya ce, "Ɗana, da wannan kaɗai ka hau?" Allah ya saka masa da alheri, har yau ni yake kira.

Abin da ya sa haka ya fi a garin nan, yininmu kashi biyu ne. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, wani lokaci sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 10, amma kafin azahar rana ta fara cizo, balle kana kan kwano. Kana buƙatar kayan da za ka riƙa ragewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba sanyin ne ya fi kayar da mu ba, gumi ne. Ka hau tsani sau biyar da kaya mai nauyi, ka jiƙe, ka tuɓe, iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, da daddare sai ciwon jiki da rawar ɗari. Shi ya sa na ce 'yar cikin kar ta zama auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta kwanta maka a baya kamar tsumma mai sanyi.

Ita babbar jaket tana da ɗumi, ban hana ta wannan ba, ga mai gadi da ke zaune wuri ɗaya ta yi. Na taɓa sayen ɗaya na yi da-na-sani: ba ka ganin ƙafarka a kan tsani, ga shi wata rana a Bukuru bakin kwano ya kama gefenta ya fizge ni baya, Allah ne ya tsare.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da hannu da ƙafa. Nemi safar hannu mai roba a tafi, ka yanke wa safar kan babban yatsa da manuni don haɗa kan waya. Ta ulu zalla sulɓi take a jikin ƙarfe. Shafa man kaɗanya da daddare kafin fata ta fara tsagewa. Ƙurar hunturu a kan kwano santsi gare ta kamar an barbaɗa gari, don haka sa takalmi mai ƙasan roba, ka taka layin ƙusoshi inda katako yake.

Sai masu sayarwa. Akwai na kirki da yawa, amma da zarar sanyi ya shigo, wasu kowace suwaita a bakinsu "ulu ce, ta Ingila ce". Kar ka bi rantsuwa. Nemi izini ka zare ɗan zare daga ciki ka sa masa ashana: ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule kamar leda. Wanda ya hana ka gwadawa, wuce gaba. Ita rigar iska, kafa bakinka a jikinta ka hura da ƙarfi, tafinka a ɗaya gefen. In ka ji numfashinka, iskar kan rufi ma za ta wuce. Juya cikinta ka murza, in farin gari yana zuba, rufin cikin ya mutu. Wasu kuma suna goga kyandir a mataccen zif ya yi ta tafiya sumul a gabanka, kwana biyu ya buɗe ta tsakiya. Zuge shi har sama, ka ja gefe da gefe ka gani. Kuma kar ka saya da magariba, a duhu ake shigar da masu huji.

Kafin ka biya, sa suwaitar da rigar iskar tare a nan wurin, ka ɗaga hannu biyu sama kamar kana ɗaure noti, sannan ka tsuguna. In ƙugunka ya buɗe ko hammata ta matse, ajiye ka nemi wadda ta ɗan fi ta girma.