Gina shaguna a Sakkwato: wace yarjejeniya za ka ƙulla da ɗan kwangila?

Hanya uku ce a gaban mai son gina jerin shaguna a Mabera ko Arkilla. Ta farko ita ce ta dunƙule: ka miƙa zane da kuɗi, sai ranar karɓar makulli. Yadda farashin siminti ba ya zama wuri guda, ƙarshenta "Alhaji, sai an ƙara." Ta biyu, ka sayo kaya da kanka ka tsare leburori. Mai harka a kasuwa ba shi da wannan lokacin.

Ni dai ta uku nake ba da shawara, wato mataki-mataki. Tsari ne da ake kira Agile, wanda masu rubuta manhajar kwamfuta su 17 suka fitar da ƙa'idojinsa a Amurka a 2001, daga baya magina suka ara. Ana yanka aikin sati biyu-biyu. Kowace safiya injiniya da birkila da kafinta su tsaya na 'yan mintuna, kowa ya faɗi abin da ya tsayar da shi. Ƙarshen zango ka zo ka gani da idonka, sannan ka saki kuɗin na gaba. In mai kemis ya nemi a haɗe masa shago biyu, ana gyarawa tun ba a yi filasta ba. Amma harsashi da ginshiƙai da dakin, wato rufin kankare, ba a taɓa su, yadda aka amince a zane haka za a zuba.

Sai maganar ha'inci. Buhun siminti kilo 50 ne, ka sa a auna, don akwai masu tsakura su sake ɗinkewa, duk da kamfanin siminti na Kalambaina na nan kusa. Ana shigo da rodi mai milimita 10 a ce 12 ne. Bulon da ka murza ya zube, yashi ne zalla. An taɓa cire mini katakon dakin da wuri don a kai wani aikin, alhali kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, kuma a zafin Afrilu in ba a ba shi ruwa safe da yamma ba, tsagewa zai yi. Tun daga nan nake sa ban-ruwa cikin sharuɗɗan biya. Wanda kuma ya ce shi injiniya ne, ya kawo lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kafin ya ga kafin alƙalami.