BGP kaɗai ko na'urar zaɓen hanya: amsa ga mai layi biyu

Ɗan'uwa, ka ce kun ɗauki layi daga kamfanonin intanet biyu, kana so ka san ko BGP, wato tsarin da cibiyoyin intanet ke sanar da juna hanyoyi da shi, ya wadatar ko sai kun ƙara na'urar da ke auna hanyoyi tana sauya muku. Ga yadda nake ganinsu.

BGP ba ya auna komai. Yakan duba fifikon da kai ka saka da hannunka, sannan ya ƙirga yawan cibiyoyin sadarwa, wato AS, da saƙo zai ratsa, ya ɗauki mafi gajarta. Jinkiri ko zubewar fakiti, wato gutsattsarin bayanan da ake aikawa, ba sa cikin lissafinsa. Hanya tana iya cunkushewa, masu kiran murya suna ta kuka, shi kuwa yana nan a kanta muddin cibiyar da ke maƙwabtaka da shi ba ta janye sanarwar hanyar ba. Ko layin ya mutu shiru, rautar kamfanin Cisco (rauta ita ce akwatin da ke tura bayanai tsakanin cibiyoyi) da ba a taɓa saitinta ba takan jira har daƙiƙa 180 kafin ta haƙura. Amfaninsa shi ne natsuwa: abin da ka saita yau shi za ka tarar gobe.

Ita na'urar tana aika gwaji ta kowane layi, ta auna jinkiri da asara, sannan ta cusa wa rautarku hanyar da ta fi. Tun farkon shekarun 2000 ake sayar da irinta: a lokacin akwai kamfanonin RouteScience, Sockeye da netVmg, biyun ƙarshe Internap ta saye su a 2003. Tana kuma taimakawa wajen kuɗi idan ana cajinku da tsarin kashi 95, inda ake ɗaukar awo duk minti 5 a zubar da kashi 5 mafi sama, kusan awa 36 a wata, a caje ku a kan mafi girman awon da ya rage. Sai dai abin da ke fita kawai take juyawa da kyau. Abin da ke shigowa yana hannun wasu, kai dai ka tsawaita hanyar AS ɗinka a layin da ba ka so a biyo, don ya yi kamar ya fi nisa, ka yi fata.

Abin da ya fi damuna, kuma masu talla ba sa faɗa, shi ne ba kai kaɗai ke da na'urar ba. Gwajin da take aikawa ɗan ƙarami ne, yana nuna yadda hanya take kafin kayanka su hau kanta. A ce cibiyoyi biyar sun ga layi na biyu babu kowa, duk suka kwashe zuwa can lokaci guda. Layin ya cika, na farko ya zama fayau, awo na gaba ya ce a koma. An gudu ba a tsira ba, ga fakiti suna isa a hargitse, TCP, tsarin da ke tabbatar da isar fakiti, yana ɗauka asara ce yana rage gudu. Masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun nuna wannan kai-komo a 2006, kuma tun a shekarun 1980 ARPANET, cibiyar da ta zama tushen intanet, ta sha irinsa da ta dogara da jinkiri wajen zaɓen hanya, har aka gyara ma'aunin.

Don haka idan yawancin aikinku saukar da abubuwa ne daga waje, ku zauna a kan BGP, ku ƙara BFD, tsarin da ke duba lafiyar layi a kai a kai, domin a gano mutuwar layi cikin ƙasa da daƙiƙa. Idan kuwa ku ke tura kaya masu yawa, ko kuna ɗaukar murya da bidiyo kai tsaye, na'urar ta cancanci kuɗinta, amma da linzami. Kada ta sauya sai bambancin ya yi girma kuma ya daɗe. A sa mata lokacin jira bayan kowane sauyi, lokacin ya riƙa bambanta don kada ta yi tafiya ɗaya da na maƙwabta. Ta riƙa matsar da adireshi kaɗan-kaɗan, tana duba sauran wurin da ke kan layin kafin ta ɗora masa. Makonnin farko ku bar ta tana ba da shawara kawai, ku gwada abin da ta ce da abin da kuka gani a awonku.