Tiransimitar da ta kusa kunyata ni a Kolon

Auta ya gida, ya jikin Inna? In Kawu ya dawo la'asar ya zauna shago ka karanta mashi wanga saƙo, tunda shi WhatsApp sai an buɗe mashi. Ka ce ina gaishe shi da kyau, kuma ya yi dariyarshi son ranshi na yafe.

Ka tuna 'yar tiransimitar FM ɗin nan da na ce zan haɗa, wadda kake magana a maik muryarka ta fito a rediyon ɗaki? Nan Jamus a leda suke sai da ita ba a haɗe ba, fanel ɗin da ake jera kayan kai daban, ƙananan kayan wuta irin razisto da kafasito da tiransisto kowane a ƙirge, kai za ka zauna ka liƙe abinka. Na yi oda ta intanet Litinin da dare, Laraba mai kawo kaya ya danna ƙararrawa, duka har kuɗin kawowa ban cika Yuro 20 ba. Na tsaya riƙe da kwalin ina tuna mu a Mafara, IC guda, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa cikin rediyo, in babu sai an ba direba sautu Gusau, in can ma babu a jira mai zuwa Sabon Garin Kano, rediyon mutum ta kwana bakwai kan benci yana zarya yana faɗa, ko Kawu ya jawo kwalin matattun rediyoyin nan ya tono a ciki.

Wajen kaya kam ba a magana. Wuta 230 ce kamar tamu, soket ne kawai daban mai ƙafa biyu zagayayyu, kuma tunda na zo ban ga an ɗauke ta ba balle a ɗora ayon ɗin liƙi kan gawayi. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka maida in bai maka ba, doka ce. Na ce to ni da na yi shekara huɗu a shagon Kawu, wanga ai shan ruwa ne. Takardar bayanin da Jamusanci take, na leƙa hotuna na ajiye.

Ashe shara kawai na iya a shagon.

Wayar liƙinsu ta fara kada ni. Ba gubar dalma a cikinta, kusan duk kuza ce, tun 2006 Turai ta hana sa dalma a kayan lantarkin da ake sayarwa, kuma mu da munka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba mu da bakin cewa sun yi laifi. Sai dai wayar tasu taurin kai gare ta, tamu mai dalma tana narkewa tun wajen digiri 183, tasu sai ta kai 217, ba ta kwanciya luf ba ta ƙyalli, ni kuma ina ganin kamar ba ta kama ba na yi ta danna ayon kan ƙafar tiransisto har na dafa shi. Lambarshi BC547 ce. Ina da wani tiransisto mai lamba 2N3904 a wata leda, baƙi ne iri ɗaya ƙafa uku iri ɗaya, na soka shi yadda zanen fanel ya nuna, ashe ƙafafun gefen a juye suke, inda wancan ke da ƙafar da ake ce wa kalekta nan wanga ke da wadda ake ce wa emita. Kafasito guda ma na juya shi, layin nan na jikinshi ai nagetif yake nunawa, doguwar ƙafa ce fozitif, na sani sarai gaggawa ce kawai. Waɗannan na gano su da kaina a dare biyu. Na gyara, na sa batir mai bolt 9, na murɗa rediyo tun daga 88 har 108, shuuu kawai.

Nan na ga ɗayar fuskar ƙasar. Ran Lahadi ce shaguna duk a rufe, Litinin na fita neman mai gyaran rediyo, wallahi Auta Kolon, garin da ya fi mutum miliyan guda, ban samu benci irin na Kawu ba. Shagon da na shiga kuɗin dubawa kaɗai ya fi kuɗin abin, yaron ma cewa ya yi in sayi wata. Su abu in ya lalace akwai wurin da ake kai matattun kayan wuta, ba a ma yarda ka jefa a shara ba. Rediyoyin da na gani jibge can da Kawu zai samu, shekara zai yi bai aiki kowa Gusau ba.

Wani abokin aikina ne ya nuna mani abin da suke ce wa Repair Café, a Amsterdam anka fara shi 2009, tsoffin ma'aikata 'yan fansho ne ke taruwa suna gyara wa mutane kaya kyauta, ga kofi ga kek, ka jefa abin da ka ga dama a gwangwani. Wani dattijo ya karɓi fanel ɗin ya sa tabarau, bai fi minti biyu ba ya ɗora mitar gwajin wuta kan koyil, naɗaɗɗiyar wayar nan, shiru. Wayar koyil tana da fentin nan mai kama da jan ƙarfe, ban kankare bakinta ba, na tula liƙi a kan fenti, a ido ya zauna daram amma wuta ba ta wucewa. Abin da Kawu ke yi da reza yana hira bai ko kallo! Ya kankare ya liƙe, ya karɓe sukundirebar ƙarfen da nake murɗa tirima, ɗan abin saita tasha, da ita ya miƙo ta roba, yac ce ƙarfe da hannunka suna gusar da tashar, kana ɗaga hannu ta gudu. Sai ga sallamata ta fito a rediyonshi tar.

Murnar ba ta daɗe ba ya kama eriyar da na sa, waya ce mai santimita 75 wadda ita ce daidai da tashar wajen lamba 100 a FM. Yac ce nan ba ka da izinin watsa komi a FM in ya wuce nanowat 50, ƙarfin da da ƙyar ya ƙetare ɗaki, kuma daga 108 zuwa sama layin jiragen sama ne, irin waɗannan 'yan tiransimitoci kuwa yawo suke, ga filin jirgin Kolon da Bonn nan kusa. Hukumar sadarwarsu tana da motocin da ke bin sigina har ƙofar gida. Ko masu lasin rediyon sha'awa sai sun ci jarrabawa, kuma nasu layin daban ne. A gabanshi na cire eriyar, yanzu sai na jingina rediyo da ita take kamawa. Ka gaya wa Kawu Bonn ɗin nan da yake jin Sashen Hausa na DW daga can, rabin awa ce a jirgin ƙasa daga inda nake.

Akwai mai zuwa gida kafin babbar Sallah, zan ba shi mita guda da naɗin wayar liƙin nan biyu Kawu ya gwada, sai dai ka tambaye shi ayon yake so mai wuta ko mai gas, don na san halin wutarmu. Kai kuma in ka gama liƙi da tamu ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa a kwano, na sha ganinka.